Waiwaye: Hazon Hunturu da Hayaƙin da Muke Hurawa da Hannunmu

Da zarar an gama kai amfanin gona gida, iska ta juyo daga arewa maso gabas, leɓe ya fara tsagewa, kowa a ƙasar Rogo ya san abin da ke tafe. Dare zai raba ana jin tari daga wannan gida zuwa wancan. Masu kemis za su cika kanta da maganin mura. Uwa za ta kwana a zaune da yaro a cinya, numfashinsa na fita da ƙyar. In ka shiga dubiya ka tambayi mai jiki, amsar ba ta sauyawa: "Hazo ne, ai ka san lokacinsa ne." Sai a yi addu'ar Allah Ya sawwaƙe, a zuba ido ana jiran zafi ya shigo.

Hazo yana da nasa laifin, ba zan wanke shi ba. Amma mun daɗe muna ɗora masa kayan da ba nasa ba. Da yawa daga abin da muke shaƙa da almuru da kuma asubahin hunturu daga murhunmu ya fito, da jujinmu, da gonakinmu, da salansar baburanmu. Abin da ya sa ya fi cutar da mu a waɗannan watanni shi ne, a daren sanyi iska kan toshe wa hayaƙi hanyar tashi sama, ya dawo ya kwana tare da mu. Wasu garuruwan duniya sai da suka binne dubban mutane kafin su gane haka. Mu kuwa muna da damar ganewa tun ba mu kai can ba.

Wanda ya yi ƙuruciyarsa a Rogo ko Zarewa ko Fulatan ko Ruwan Bago ba zai manta asubahin hunturu ba. Kafin a idar da salla yara sun tattaro karan dawa da totuwar masara, an hura wuta a ƙofar gida, kowa ya miƙa tafin hannu, gaba na ƙuna baya na ɗari. A makarantar allo almajirai sun kewaye tasu wutar, kowa ya karkata allonsa wajen haske. A cikin gida Inna ta ɗora tukunyar koko. Abin da na fi riƙewa a duk wannan shi ne tafiyar hayaƙin. Zai tashi siriri a miƙe har ya kai kan darbejiya, sai ya tsaya cak, ya karya, ya kwanta, ya shiga yaɗuwa gefe da gefe. Na gidanmu ya haɗu da na maƙwabta, na wannan unguwa ya haɗu da na waccan. In aka aike ka gona da sassafe, ka hau tudu ka juyo, za ka ga gari a lulluɓe da shuɗi-shuɗin hayaƙi, kawunan kuka da rimi ne kawai a waje. Kafin hantsi ya dubi ludayi, babu shi babu alamarsa.

Manyanmu ba su shiga ajin ilimin yanayi ba, amma sun san alamomin irin wannan dare. Sun san sanyi a rafi yake kwana: mai keke in ya gangara kwari da dare zai ji iska ta yanke shi a fuska, in ya hau tudu ya ji ɗumi ya dawo. Sun san a hunturu ne ake jiyo kiran sallar asuba na ƙauyen da ke can nesa tar a kunne, da haushin karnukan rugar da ba a jin ɗuriyarta da damina. Masu rake a fadama kuwa, in za su cinna wa ganyen da aka sare wuta, sai ka ji dattijo ya ce wa ɗansa, "Dakata tukuna, bari rana ta ɗaga." Shi dai so yake raɓa ta bushe wuta ta ci da kyau. Amma jinkirin nan yana da wata fa'ida da ta fi wadda ya nufa. Kwanciyar hayaƙi, da sanyin rafi, da tafiyar sauti nesa, duk tushensu ɗaya.

Ga yadda abin yake. Rana ba iska take fara ɗumamawa ba. Ƙasa take gasawa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke taɓa ta. Iska mai ɗumi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka sai ta yi sama, ta tafi da hayaƙi da ƙura da duk abin da ta ɗauko. Shi ya sa a bisa al'ada ƙasa ta fi sama zafi: duk kilomita ɗaya da aka hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5. Da daddare a hunturu sai tsarin ya kife. Babu gajimare, iska a bushe take ƙayau, alhali gajimare da laima su ne ke riƙe ɗumin ƙasa. Rana na faɗuwa ƙasa ta saki zafinta da sauri. A yankin Kano, ranar da ta kai digiri 30 da azahar tana iya sauka zuwa 13 ko ƙasa da haka kafin asuba. Iskar da ke manne da ƙasa ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta zauna. Wadda ke samanta kuwa tana nan da sauran ɗuminta. Hayaƙi yana tashi ne muddin ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi. Da ya huce a hanya ya ci karo da wancan shimfiɗe mai ɗumi, tafiya ta ƙare. Tamkar an kifa wa tukunya murfi ne alhali ana ci gaba da iza mata wuta. Masana yanayi na kiran wannan kifewar zafin iska. Shi ne kuma yake lanƙwaso sauti ya dawo da shi ƙasa, har a ji ladanin wani gari.

Murfin yana fara rufewa ne da faɗuwar rana, ya fi ƙarfi gab da fitowarta, ba ya buɗewa sai rana ta yi awa biyu ko uku tana gasa ƙasa. To mai karatu ya duba lokutan da muke hura wuta. Tuwon dare da almuru ake ɗora shi. Shara da yamma ake cinna mata wuta. Mai tsire da mai shayi da daddare suke kasuwa. Jin ɗumi, da koko, da ƙosai, da waina, duk kafin fitowar rana ne. Wato sa'o'in da iska ba ta iya kwashe hayaƙi su ne dai sa'o'in da muka fi samar da shi. Sannan iska mai sanyi gangara take bi, ta taru a kwari da fadama da bakin kogi. Ƙasarmu kuwa ƙasar rafuka ce. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙaramar hukumar Karaye a 1992 noman rani ya ƙara faɗaɗa, mutane da injinan ban ruwa suka ƙaru a wuraren da hayaƙi ya fi kwanciya.

Yanzu a ba wa hazo haƙƙinsa. Mafi yawan ƙurar da ke sauko mana daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, sunansa Bodele, kusa da garin Faya, sama da kilomita 1,000 daga nan. Dubban shekaru da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar hunturu in ta matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi sai ta ƙara gudu, ta kwashi wannan farar ƙasa ta yi sama da ita. Masana suna lissafa Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Wani ɓangarenta kan tsallake Tekun Atlantika har dajin Amazon. Ita ce ke hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano a wasu ranaku, ita ce Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, ke yin gargaɗi a kanta. Tana busar da hanci da maƙogwaro, tana tayar wa masu asma ciwonsu. Tana da alherinta ma, domin tana sauke wa gonaki sinadaran da ke ƙara wa ƙasa albarka. Wannan ikon Allah ne, babu dagaci ko gwamnan da zai tare ta.

Bambance su ba shi da wuya. Ƙurar Chadi wuni take yi, wani lokaci kwana da kwanaki. Tana can sama har tana dusashe rana da tsakar rana, fara ce, ba ta da wari, tana kwanciya a kan tabarma da ganyen bishiya. Hayaƙinmu kuwa ƙasa-ƙasa yake, shuɗi-shuɗi ne ko ruwan toka, yana da ƙauri, yana sa ido yaji, da magariba yake sauka, da hantsi ya watse. Duk daren da ka fito bayan isha'i taurari na ƙyalli a sama amma hasken fitilar babur na nuna maka hayaƙi a kwance a kan hanya, kada ka kira Chadi. Namu ne.

Abin da irin wannan murfi ke iya yi idan ya daɗe bai buɗe ba, tarihi ya adana shi. A farkon Disambar 1930, a kwarin kogin Meuse kusa da birnin Liege na ƙasar Beljiyam, iska ta tsaya cak kwana biyar a kan masana'antun ƙarfe da na gilashi da na taki. Kimanin mutum 60 suka mutu, dubbai suka kwanta. A ƙarshen Oktoban 1948 aka maimaita a Donora, wani ƙaramin gari mai mutum kimanin 14,000 a jihar Fensilbaniya ta Amurka, wanda ke cikin kwarin kogi tsakanin tuddai. Hayaƙin masana'antar tutiya da ta ƙarfe ya rasa mafita. Mutum 20 suka rasu, kusan rabin garin suka yi jinya, ba a samu sauƙi ba sai da ruwan sama ya sauka.

Mafi muni shi ne na Landan, daga 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952. Sanyi ya tsananta, kowane gida ya iza kwal a murhun ɗumama ɗaki, tashoshin lantarki da masana'antu ma kwal suke ƙonawa. Iska ta ɗauke, murfi ya rufe, ya ƙi buɗewa ko da rana. A wasu unguwanni mutum ba ya ganin ƙafarsa. Motocin bas suka tsaya, motocin ɗaukar marasa lafiya suka tsaya, har shanun da aka kai bajekolin Smithfield wasu suka mutu. Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin shi ne mutanen Landan ba su firgita ba. Sun saba da hazo tun kaka da kakanni, sun ɗauke shi ɗabi'ar garinsu, suna cewa lokacinsa ne. Sai da masu sayar da akwatin gawa suka ga kayansu sun ƙare aka fara fahimtar girman abin. Lissafin farko ya nuna mutum 4,000. Binciken da aka yi daga baya ya kai adadin kusan 12,000. Yawancinsu tsofaffi ne da jarirai da masu ciwon ƙirji, waɗanda suka mutu a kan gadajensu ba tare da wani ya ji kururuwa ba. A 1956 majalisar Birtaniya ta kafa dokar tsabtace iska: aka ware unguwannin da ba a yarda a ƙona kwal mai hayaƙi ba, aka tallafa wa magidanta da kuɗi su sauya murhu. Sanyin Landan bai ragu ba, murfin ma bai daina rufewa ba. Abin da ake turawa ƙarƙashinsa aka rage, mutuwar ta ragu.

Rogo ba Landan ba ce, ba mu da tashar kwal ko masana'antar ƙarfe. Amma kada wannan ya sa mu miƙe ƙafa. A Indiya da Fakistan, manoman Funjab ne ke ƙona tattakar shinkafa a Oktoba da Nuwamba, hayaƙinsu ya haɗu da na motoci ƙarƙashin murfin sanyi, har a rufe makarantu a Delhi da Lahore, kamar yadda aka yi a Nuwamban 2024. A nan gida, daga ƙarshen 2016 mutanen Fatakwal suka fara wayar gari da baƙar kunkunniya a kan motoci da cikin hancin 'ya'yansu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mun yi sa'a a wurinmu kara dukiya ne: da shi ake danga, shi ne abincin dabbobi, shi ne makamashi, don haka ba ma ƙone shi a gona yadda manoman Funjab suke yi. Sai dai abin da muke ƙonawa yau ba shi ne na jiya ba.

A da, jujin unguwa taki ne. Toka ce da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa da ganye. Da rani a cika mangala a ɗora wa jaki a kai gona, har rigima ake yi a kan wa ke da jujin. Yau ka tsaya a bakin bola ka duba: ledar fiya-wata, baƙar leda, robar lemo, tsohon silifas, kunzugun yara na zamani, mataccen batir, tsummokaran roba. Manomi ba ya son wannan a gonarsa, mota ba ta zuwa kwashewa, sai wani ya gaji ya ƙyasta ashana da la'asar sakaliya. Irin wannan wuta ba ta ci da harshe, cin ciki take yi, ta kwana tana turnuƙe unguwa. Hayaƙin roba da taya yana ɗauke da gubar da babu ita a hayaƙin kara, har da masu jawo ciwon daji. Yaran da a da suke jin ɗumi da karan dawa, yanzu sai ka iske sun jefa tsohuwar taya ko takalmin roba don wutar ta daɗe, sun sunkuya a kanta. Uwar gida kuma da guntuwar leda take kama wutar gawayi. A ƙara da janareto a ƙofar shaguna, da injin niƙa, da babura, da wutar da samari ke cinna wa daji don farautar gafiya, da murhunan dafa mazarƙwaila a fadamun rake da suka miƙe har ƙasar Makarfi. Mutane ma sun ƙaru: ƙidayar 2006 ta samu sama da mutum 200,000 a ƙaramar hukumar Rogo kaɗai, yau kuwa an wuce nan nesa ba kusa ba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da tsadar gas da kananzir da ta biyo baya, gidaje da dama da suka fara barin itace sun koma masa, wasu sun koma gawayi.

Kada kuma a ɗauka hayaƙin jiya lafiyayye ne. Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin madafar kakarsa ya ga kunkunniya ta yi baƙi ƙirin tana reto, ya tambayi kansa ina huhun matar da ta shekara arba'in tana girki a ciki. Shiga gida da magariba ka gani: itacen bai gama bushewa ba, uwar gida ta durƙusa ta kai bakinta gindin tukunya tana hurawa, idanunta na zubar da hawaye, ta goge da bakin zani. A bayanta akwai goyo, kansa ya leƙo ta kafaɗarta, daidai inda hayaƙin ya fi kauri. Ƙwayoyin da ke cikin wannan hayaƙi ƙanana ne ƙwarai, sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi. Gashin hanci ba ya tare su, suna wucewa can cikin huhu, wasu su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Ta kuma ce kusan rabin yaran da ciwon huhu ke kashewa a wannan shekaru, hayaƙin girki na da hannu a ciki. Mukan ce sanyi ne ya kama wa yaro haƙarƙari, mu ƙara masa riga, mu matso da shi kusa da wuta.

Akwai kuma haɗarin da ginin zamani ya ƙara. Ɗakin ciyawa yana numfashi, hayaƙi na silalewa ta jinka. Ɗakin siminti mai kwano da silin da tagar gilashi ba ya barin komai ya fita. Sanyi ya yi tsanani, sai a cika kasko da garwashi a shigar ɗakin mai jego ko na tsoho, a rufe ƙofa, a toshe ƙasanta da tsumma. Gawayi in yana ci inda iska ta yi ƙaranci yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai ne da jiri da amai da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Haka janareton da aka shigar soro ko aka jingina da taga don tsoron ɓarayi. A sassa daban-daban na Nijeriya an sha fasa ƙofa a tarar da iyali guda sun rasu a kwance, a yi ta zargin abinci ko sammu ko iskokai. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta barci. Wanda ya bi wannan ya tsira daga gobara, ya kuma tsira daga wannan guba.

Darasin da na ciro daga waiwayen nan abu uku ne, kuma babu wanda ke buƙatar kasafin kuɗi: lokaci, da abin da ake ƙonawa, da wurin da ake ƙona shi. Na farko, duk wutar da za a iya jinkirtawa, a jinkirta ta zuwa walaha, a tabbatar ta mutu kafin la'asar. A lokacin ƙasa ta yi zafi, iska na ɗaukar hayaƙi ta yi sama da shi. Sai dai a kula, da rana iskar hunturu ta fi ƙarfi, don haka a share kewaye, a ajiye ruwa, kada a tafi a bar wuta ita kaɗai, kuma ranar da iska ke kaɗawa sosai a fasa. A jihar Kalifoniya ta Amurka manomi ba ya ƙona tarkacen gonarsa sai a ranar da hukuma ta duba yanayin iska ta ba da izini. Mu ba mu da wannan tsari, amma muna da ido: in ka hura wuta ka ga hayaƙinta ya karya ya kwanta, lokacinta bai yi ba. Shugabannin makarantu su duba wannan da kyau. Ɗalibai kan share fili da sassafe a tara ganye a cinna masa wuta, sannan a jera su taron safe a gefensa. Wannan shi ne mafi munin lokaci a duk yinin. A haƙa rami a zuba ganyen, kafin damina ya zama takin lambun makaranta.

Na biyu, leda da roba da taya da batir ba makamashi ba ne. A ware su daga shara tun daga gida, abin da ke ruɓewa ya koma gona kamar da, roba a tara wa masu saye. Itace a bar shi ya bushe sosai kafin a sa a murhu. Murhun laka mai kewaye da tukunya, wanda magina na gida za su iya ginawa, ya fi duwatsu uku tsimin itace, hayaƙinsa ma ya fi sauƙi. Na uku, madafa ta samu taga ko buɗaɗɗen sama. Maigida, wannan aikinka ne, bulo biyu za a cire. Uwa ta sauke goyo ta miƙa wa yayarsa har ta gama hura wuta. Kasko ya ɗumama ɗaki ƙofa a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta, a ƙara bargo. Janareto ya tsaya a fili, nesa da taga. Wanda ya tashi da ciwon kai da jiri a ɗakin da aka kwana da garwashi, a fitar da shi iska nan take, a garzaya da shi asibiti.

Sauran aikin na shugabanni ne. Doka dai akwai ta: hukumar NESREA da aka kafa a 2007 tana da ƙa'idojin 2011 da suka shafi ƙunar daji da ƙona shara a fili. Amma a karkara maganar mai unguwa ta fi takardar Abuja saurin isa kunne. Masarautar Karaye, wadda a tsarin 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da za su iya yin shela tun farkon Nuwamba cewa ba a cinna wa bola wuta bayan la'asar, ba a ƙona taya a cikin gari. Limamai su ware huɗuba guda a farkon sanyi, domin wanda ya turnuƙe maƙwabcinsa mai asma da hayaƙin roba ya shiga haƙƙinsa. Ƙaramar hukuma ta ƙarfafa duba-gari, ta ware wurin zubar da shara a bayan gari, a ɓangaren da iskar hunturu ke ficewa, ba inda take shigowa ba. Ma'aikatan lafiya su riƙa rubuta yawan yaran da aka kawo da ciwon ƙirji wata-wata, unguwa-unguwa, su nuna wa shugabanni. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello kuwa, ga aikin bincike a ƙofar gida: na'urar auna ƙazantar iska yanzu ta yi araha, a ɗora ta a kasuwar Rogo da bakin fadama hunturu guda, mu ga lambobinmu da idonmu.

Ƙurar Chadi za ta zo bana kamar yadda ta zo bara, daren sanyi ma zai ci gaba da rufe garuruwanmu, ba mu da iko a kan ko ɗaya. Ashana kuwa a hannunmu take. Ya kai magidanci, ya ke uwar gida, ya kai matashi mai jin ɗumi a bakin titi: kafin ka ƙyasta, duba rana ina take, duba abin da za ka ƙona, duba wa ke kwance a ɗakin da ke bayanka. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin kyauta ne. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.